Kalma ɗaya ta Turanci na neman raba ni da aikina

Assalamu alaikum, Malam. Ni direba na, ina zaune Mabera, shekarata 27, da mata da ɗiya guda. Shekara shida niy yi ina kabu-kabu kahin in koyi tuƙin mota. Wata biyu ke nan da wata ƙungiya mai aikin lahiya ƙauyuka tad ɗauke ni gwaji na wata uku. Wadda nike tuƙawa mutuniyar kudu ta, ba ta jin Hausa. Na yi sakandare, na san “get” na nuhin samu, haka ƙaramin ƙamus ɗin da nis saya yan nuna min. Amma Madam da “get” taka kwana, da ita taka tashi. Ran nan tac ce min, “Get the gateman to open the store,” nit tai niz zo mata da mai gadi har ofis, anka bar ƙohwa ba kowa, sito kuma ruhe, ga mota ta kawo kaya tana jira. Wata rana ta waya tac ce, “I didn't get you,” nic ce mata ai ga ni nan cikin mota ina jiranta. 'Yan ofis sunka yi ta dariya, har yanzu in na shigo sai wani ya maimaita min maganar. Malam, kunya ta ishe ni. Ina tunanin in aje makullin in koma ga babur ɗina tun ba a kore ni ba. Mi kag gani?

Direba, daga Mabera

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya raya ɗiyar, ya sa albarka a aikin. Na bar wasiƙarka da harshenka na gida yadda ka rubuto ta, domin amsar da zan ba ka daga cikin harshen nan za ta fito.

Kada ka ajiye makullin nan. Na yi shekaru ina koyar da Turanci a makarantun sakandare a nan Sakkwato, kuma abin da ka kwatanta na san shi ciki da waje. Mutumin da ya iya rubuta mini jimlolin Madam daidai yadda ta faɗe su, kunnensa lafiya yake, kansa ma lafiya yake. An koya maka kalmar ne ta hanyar da ba ta ɗauke ta duka ba, wato kalma guda ta Turanci a gefe, kalma guda ta Hausa a ɗaya gefen. Wannan dabara tana aiki ga sunayen abubuwa: “key” makulli, “road” hanya, “tyre” taya. A kan kalmomin aikin da ake yawan faɗi kuwa, nan take karyewa, kuma get tana sahun gaba a cikinsu.

Ka ɗauka Madam ce ta zo wurinka yau ta ce tana son koyon Hausa, ta tambaye ka ma'anar “ci”. Za ka ce mata “eat”, ta rubuta a littafinta, ta tafi da murna. Gobe a kan hanyar Illela sai ta ji ka ce yau kasuwa ke ci. Ta ji ka ce motar nan tana cin mai. A shingen bincike ta ji wani direba yana kukan an ci shi tara. A ofis ta ji wane ya ci jarrabawa, wane ya ci zaɓe, wane ya ci bashi, wane ya ci amana, wance ta ci ado, an ci mutuncin wani, mu ci gaba da aiki. Me baiwar Allah za ta yi da “eat” ɗinta? Karin maganar nan ma da kowa ya sani, kowa ya ci zomo ya ci gudu, “ci” biyu ne a cikinta kuma ba ma'anarsu guda ba. Amma kai ba ka taɓa tsayawa kana tunanin wace “ci” ake nufi ba. Kunnenka yana jiran kalmar da ke biye, ita ke yanke hukunci. “Sha” ma haka take: sha ruwa, sha wuya, sha iska, sha kashi, sha mamaki. Tun kana ɗan shekara uku ka iya wannan aikin. To get ita ce “ci” ta Bature. Abin da zan roƙe ka shi ne, duk lokacin da ka ji ta, ka daina fassara ta nan take, ka saurari abin da ya biyo bayanta.

Idan sunan abu ne ya biyo baya, ƙamus ɗinka bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa ba. “I got a job,” na sami aiki. “Did you get my message?” ka sami saƙona? Amma “Get the bag from the car” ɗauko jakar ne, “Get fuel on your way” ka sha mai a hanya, “Get me some water” samo mini ko sayo mini ruwa. Samu, karɓa, ɗauko, sayo, duk abu ne ke zuwa hannun mutum. Wannan ba za ta wahalar da kai ba.

Idan wuri ne ya biyo baya, ma'anar ta koma isa. “What time shall we get to Gusau?” ƙarfe nawa za mu isa Gusau? “Call me when you get to the airport,” ka kira ni in ka isa filin jirgi. Ka lura da ƙaramar “to” ɗin nan da ke tsakani, ita ce alamar. Ban da ita, “get Gusau” ba magana ba ce. Kalmomi uku ne da za ka riƙa ji kullum ba sa ɗaukar ta: home, here, there. Ana cewa “I got home late” da “We got there before noon.” Wannan tsarin na direba ne musamman, don rabin tambayoyin da za a yi maka a aikin nan a kan isa ne: yaushe za mu isa, ta ina ake isa, kun isa lafiya. “How do we get to Wurno from here?” tambayar hanya ce kurum.

Wanda ya fi ɓatar da ɗalibaina shi ne inda kalmar siffa ta biyo baya, domin a nan Hausa da Turanci hanyarsu ta rabu sosai. Mu a Hausa muna da kalmar aiki ta musamman ga kusan kowane sauyin hali: na gaji, ya tsufa, ta warke, ya fusata, gari ya yi duhu, shayi ya huce. Bature yakan ɗauki get ya jingina mata siffar, shi ke nan ya gama. “I got tired,” na gaji. “She got angry,” ta fusata. “He is getting better,” yana samun sauƙi. “The tea got cold,” shayin ya huce. A nan get na nufin abu ya tashi daga wani hali ya koma wani. Idan watan Afrilu ya kama, zafin Sakkwato ya haura digiri 40, za ka ji Madam tana cewa “It is getting too hot,” wato zafi na ƙaruwa. Idan kuna ƙauye la'asar ta wuce ta ce “It is getting late” ko “It is getting dark,” tana nufin lokaci na ƙurewa, duhu na shigowa, a kama hanya. Ina so ka riƙe waɗannan biyun da kyau, domin a yanayin da hanyoyinmu suke ciki yanzu, musamman na gabashin jihar, maganar dawowa kafin duhu magana ce ta rai. “Get ready” kuma ka shirya ne, ba wani abu mai suna “ready” da za ka je ka samo.

Ƙanwar wannan ita ce inda abu ya auka wa mutum: “We got lost,” mun ɓata hanya. “The car got stuck in the sand,” mota ta kafe a yashi. “He got injured,” ya ji rauni. “We get paid on the 25th,” ana biyanmu ran 25 ga wata. “He got married,” ya yi aure, kuma in za a ambaci wadda ya aura “to” ake sa wa, “married to”, ko da yake za ka ji mutane da yawa a nan suna cewa “with”. Hattara ɗaya a nan: “we got lost” labari ne, amma ka dubi mutum ka ce masa “Get lost!” zagi ne, daidai da ka ce ɓace mini da gani. Kada ta fito daga bakinka ko da wasa.

Yanzu mu zo ga mai gadi. “Get the gateman to open the store.” Ka ji get, ka ji sunan mutum ya biyo baya, sai ka yi abin da aka koya maka, ka je ka samo shi. Gaskiyar magana, da jimlar ta tsaya a “Get the gateman,” da kai ke da gaskiya ɗari bisa ɗari, kirawo shi ake nufi. Ko a cikakkiyar jimlar ma fahimtarka ba ta yi nisa ba, don mai son jayayya zai iya cewa ana nufin a kirawo shi domin ya buɗe. Amma abin da masu harshen ke ji idan aka jera get, sannan mutum, sannan “to”, sannan wani aiki, shi ne “sa” ta Hausa: ka sa mai gadi ya buɗe sito. Buƙatar Madam tana kan buɗewar, ganin fuskar mai gadin bai dame ta ba. Ka gwada da wasu: “Get the mechanic to check the brakes,” ka sa makaniki ya duba birki. “Get them to wait,” ka sa su jira. “I couldn't get him to come,” na yi na yi ya ƙi zuwa. Darasin da ke ciki shi ne ka bar jimla ta kai ƙarshenta kafin ƙafarka ta motsa. Direbobi masu ladabi su suka fi faɗawa wannan ramin, don saurin cika umarni yakan sa su tashi tun magana na rabi. Ladabin abu ne mai kyau, ka riƙe shi, ka ƙara masa daƙiƙa biyu na saurare.

Akwai kuma wanda za ka ji kusan kowane mako: get, sannan abu, sannan aikin da za a yi wa abin. “Get the car washed.” “Get the tyre fixed.” “Get the oil changed.” A Hausa cewa muke yi kai mota a wanke, kai taya a yi faci, kai a yi juye. Ba a ce lalle da hannunka za ka yi ba, an ɗora maka alhakin ganin an yi ne. Wannan bambancin yana da amfani ranar da ake lissafin kuɗi. “I washed the car” na nufin kai ka wanke. “I got the car washed” na nufin ka kai an wanke, akwai kuɗin da aka biya, akwai rasit. Ga ma'aikacin da yake son a san shi da amana, iya faɗin wannan daidai kariya ce.

Sai “I didn't get you,” wadda ta jawo maka dariya. A nan get na nufin ganewa ko ji. Ban ji ka ba, ban gane ba. Ko layin waya ne ya katse mata maganarka, ko ba ta fahimci abin da ka ce ba. Mu ma haka muke yi: “ban kama zancen ba,” alhali ba wanda ya miƙa hannu, “ka ji?” alhali muna nufin ka fahimta. “Do you get it?” ka gane? “I get it,” na gane. “You got it wrong,” ba haka ba ne, ka fahimta a karkace. Kuma ka lura da abin da ya faru a wayar nan: Madam, mai digiri, ta kasa gane maganarka, ta faɗa kai tsaye ba tare da jin kunya ba. Jimlar da ake yi maka ba'a da ita, ita ce kayan aikin da ka fi buƙata. Ka ɗauke ta ka mayar taka. Duk ranar da umarni ya shige maka duhu ka ce, “Sorry, ma, I didn't get that. Could you say it again, please?” In kana da rabin fahimta, ka maimaita mata da kalmominka: “You want me to tell him to open the store?” Za ta ce e ko a'a, magana ta ƙare. Ban taɓa ganin shugaban da ya kori direba don ya tambaya ba. Matambayi ba ya ɓata, kai ka fi ni sanin haka, don da tambaya ka san lungunan garin nan a kan babur.

Wani abu da ƙamus ba zai faɗa maka ba shi ne Turanci biyu ke shiga kunnenka a Sakkwato. Akwai na makaranta da ofis, akwai kuma Buroka, wanda ka sha ji a tasha da kasuwa da bakin bariki lokacin kabu-kabu. Buroka harshe ne mai ƙa'idarsa, miliyoyin 'yan Nijeriya na magana da shi, ba abin raini ba ne. Sai dai get ɗinsa daban take. A Buroka “I get money” ina da kuɗi ne, “You get change?” kana da canji, “I no get” ba ni da shi. A Turancin ofis mallaka da “have” ake faɗinta, ko “have got”: “I have the key,” ko “I've got the key,” makulli na hannuna. Idan ka ce “I get money” a can, abin da za a ji shi ne kana samun kuɗi a kai a kai. Ka kiyaye wannan “have got” ɗin, siffarta ta abin da ya wuce ce amma maganar yanzu take yi. “Have you got the papers?” takardun na wurinka yanzu? Amsa, “Yes, I have.” “Did you get the papers?” ka karɓo su? Amsa, “Yes, I did.” In kuma aka ƙara “to” da aiki, ta zama dole: “We've got to leave now,” tilas mu tashi yanzu.

Tunda na ambaci “did”, ga kuskuren da na gyara a littattafan yara har ban san adadi ba. Get in ta wuce takan zama “got”, amma da zarar “did” ko “didn't” ta shigo, ita ta ɗauki nauyin lokacin, get ta koma yadda take. “Did you get it?” “I didn't get it.” Babu “didn't got”. Za ka kuma ji “gotten” a bakin wasu da a finafinai. Ta mutanen Amurka ce, mu a makarantun Nijeriya tsarin Ingila muke bi, “got” ta wadatar da kai. Wajen furuci, “g” ɗinta irin ta “gero” ce, wasalinta gajere. Ka bambanta ta da “gate”, wadda mu Hausawa muka ara muke cewa bakin get; a Turanci wasalin waccan dogo ne, kamar “geit”. Wannan “g” mai ƙarfi tana da tarihi: kalmar ba asalin Ingila ba ce, aro ce daga harshen mayaƙan teku na Danmak da Norwe da suka zauna a arewaci da gabashin Ingila tun ƙarni na 9, ta fara bayyana a rubutun Turanci wajen shekarar 1200. “Take” ma daga wurinsu ta zo. Kamar dai yadda muka karɓi “littafi” da “alƙalami” daga Larabci har muka manta baƙi ne.

Saura 'yan ƙananan kalmomin da ke manne mata, su in, out, on, off, up, back. A nan Hausa za ta taimake ka. Muna cewa shiga mota amma hau babur. Su ma “get in the car” da “get out of the car” suke cewa, amma “get on” da “get off” ga babur da doki. Inda suka saɓa da mu shi ne bas da jirgi, su ma “on” da “off” suke ɗauka. “Get up” tashi daga barci ko zaune, “get back” dawowa. Ka kula da “Get out!” ita kaɗai, kora ce mai zafi. In kun iso, “We are here, ma” ta fi dacewa da bakinka. Akwai wasu da ba a iya hasashen ma'anarsu sai an koya ɗai ɗai, irin “get along with” jituwa da mutum, “get over” warkewa daga ciwo ko baƙin ciki, “get rid of” rabuwa da abin da ba a so, “get through” samun mutum a waya. Kada ka zauna haddace su a jere. Wadda ka ci karo da ita a bakin aiki, ita za ka kama.

Game da ƙamus, wanda ka saya ka ajiye shi don sunayen abubuwa. Wanda kake buƙata shi ne mai kawo cikakkun jimloli a ƙarƙashin kowace ma'ana. Irin wannan ƙamus ɗin wani malami ne Baturen Ingila, A. S. Hornby, ya yi fice da shi. Ya koyar da Turanci a Japan, ya lura ɗalibansa sun san ma'anar kalmomi amma ba su iya jera su ba, sai ya tsara yadda kalmomin aiki ke zama a jimla zuwa tsari 25. An buga aikin a Tokyo a 1942, Oxford ta sake buga shi a 1948, shi ne ya zama Oxford Advanced Learner's Dictionary da ake gani a makarantunmu. Na kawo maka wannan ne don ka san ciwon da ke damunka ya dami ɗalibai masu hazaƙa a wata nahiya shekara fiye da 80 da suka wuce, har aka yi masa littafi. Yana nan a intanet, kana iya buɗe shi a wayarka ka nemi get. Shafin zai yi maka tsawo. Ka karanta misalan kawai, biyar ko shida a zama ɗaya.

Aikinka yana da wata ni'ima da malamin aji ba ya da ita, wato jira. Direba yakan yi awa biyu uku a ƙarƙashin bishiya ana taro. Ka sayi ƙaramin littafin rubutu ka ajiye a aljihun gaban mota. Duk jimlar da ka ji da get, in ka tsaya ka rubuta ta cikakkiya, ka ja layi ƙarƙashin abin da ya biyo bayan get, ka rubuta a gefe yadda kai za ka faɗe ta da Hausa. Jimlar umarni da ta hanya nake nufi, ban da sirrin mutanen da kake ɗauka. Abin da direba ya ji a mota amana ce, ba ya shiga littafi ba ya fita baki. Da dare bayan Isha'i ka ba kanka labarin tafiyar ranar da murya a fili: “I got up at five. I got to the office at seven. I got fuel at eight. We got to Tambuwal before noon. It got very hot. I got a boy to show us the clinic. We got back before dark.” Jimla bakwai, get bakwai, kusan duk tsarin da muka bi. In mai ɗakinka ta yi makaranta ta riƙe maka littafin tana tambayarka, in ba ta yi ba ku koya tare. Mako biyu na wannan ya fi wata shida na haddar ƙamus. Labaran rediyo na Turanci suna gyara kunne, amma ba za ka ji get da yawa a cikinsu ba, don kalma ce ta hira. A rubutun hukuma “receive”, “obtain”, “arrive” da “become” ake fi so. Ranar da za ka rubuta takardar neman hutu ko rahoton tafiya sai ka tuna da wannan.

Masu dariya kuma, raina ya ɓaci da na karanta. Mutum ya fito neman halalinsa, yana aiki da harshen da ba nasa ba, a mayar da tuntuɓensa abin nishaɗi kullum safiya, wannan ba tarbiyya ba ce. Amma kada ka yi faɗa da kowa kana cikin gwaji, kada kuma ka sunkuyar da kai. In wani ya sake cewa “I didn't get you,” ka dube shi da fara'a ka ce, “Now I get it, thank you,” ka wuce. Ba'a takan mutu ne idan ta daina samun wanda take ƙonawa. A cikinsu kuma za ka ga akwai mai hankali guda da bai yi dariyar ba, ko ya yi sau ɗaya ya bari. Shi za ka riƙa nuna wa littafinka.

Ka kuma auna kanka da ma'aunin da ya dace. Ƙungiyar nan ta ɗauke ka don tuƙi. Abin da za su duba a ƙarshen wata uku shi ne ko kana zuwa a kan lokaci, ko kana kula da mota, ko lissafin mai yana fita daidai, ko kana kai mutane ka dawo da su lafiya. Jihar nan ƙananan hukumomi 23 gare ta, kuma a mafi yawan ƙauyukan da za ku shiga Turancin Madam ba zai buɗe mata ƙofa ko ɗaya ba. Kai ne za ka yi sallama, kai ka san yadda ake gaida hakimi da mai gari, kai ka san hanyar da ruwa ke yankewa da damina da wadda ba a bi bayan la'asar. Ita ma tana da buƙatarka, kuma ina kyautata zaton ta sani.

Don haka kada ka jira ranar hukunci kana zullumi. Cikin makon nan, lokacin da kuke kan doguwar hanya hankalinta a kwance, ka faɗa mata da bakinka: “Ma, I am working on my English. If I don't get something, I will ask you. Please correct me.” Daga ranar za ta riƙa sassauta maganarta, kuskurenka kuma zai zama na mai koyo a idonta. Babur ɗinka ka bar shi inda yake, ko ka ba wani amintacce yana kawo maka balas. In wata ya cika ka sake rubuto mini, ka haɗo da jimlolin da suka gagare ka daga littafin nan mu warware su tare. Ka gaida mai ɗakinka, ka shafa mini kan ɗiyar.